Zaiba a Ɗakin Jego

Tun da Yaya Souwaiba ta dawo gida haihuwa, aikina ya zama itace da ruwa. Da safe in cika tano, wato babban durom ɗin ƙarfe, in hura wuta ƙarƙashinsa har ruwan ya yi ta tafasa, Inna ta zo da ganyen bedi, darbejiya ke nan, ta shiga da ita bayan ɗaki wanka. Da la'asar a sake. Tsakanin wankan nan biyu in je wurin mai gawayi, in dawo in tada garwashi a kasko, in miƙa wa Inna a bakin ƙofa ta tura shi ƙarƙashin gadon mai jego. Haihuwar fari ce, kuma cikin tsakiyar sanyi aka yi ta, saboda haka Inna ba ta ɗauki abin da wasa ba.

Ni kuwa hankalina yana daji. Abokina Chaibou ya samo mini wuri a wata mota da za ta koma Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya inda na taɓa yin aiki, lodi kawai ake jira ta gama. Da na gaya wa Baba, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce babu wani namiji a gidan da zai ɗauki tano ban da ni, mijin Souwaiba kuma, Issouf, yana kan hanya da kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, tsakanin Tabelot da kudu. In an yi arba'in, in tafi inda na ga dama.

Ɗakin da aka sa Yaya shi ne na can ciki, mai ƙyauren ƙarfe da ƴar taga guda kusa da rufi, wadda Inna ta cusa wa tsumma tun ranar farko. Ƙasansa rairayi ne kamar sauran ɗakunan unguwarmu ta Dagmanet a Agadez, an shimfiɗa tabarmi a kai. A nan ne kuma Baba ke ajiye amana. Shagonsa yana kusa da tashar motocin daji, yana sayar da igiya da bidon na zuba ruwa da fitilar goshi da garin rogo, masu haƙa da suka zo daga wajen Maradi da Zamfara kan bar masa kayan da ba su son shiga daji da su. Bai taɓa buɗe na kowa ba, ba ya kuma tambayar abin da ke ciki sau biyu. Da wannan aka san shi a tasha. Da za a kawo Yaya, Inna da maƙwabciyarmu Ramata suka gyara ɗakin, suka tura buhunan amanar da ƙafa can ƙarƙashin gado, jikin bango, don a samu wurin kasko.

Bayan suna da ƴan kwanaki, ina faskare da hantsi, Inna ta fito riƙe da wani abu a tafin hannu tana ta faɗa ita kaɗai. Ɗan kunnen Yaya ne na cikin kayan aure, wanda dangin Issouf suka kawo suna cewa zinariya ce ta gaske. Ya faɗi cikin rairayi gefen gado, da aka lalubo shi sai ga rabinsa ya yi fari fat kamar dalma. Inna ta ce ita dama ta sani, tun ranar da aka kawo akwatin ta ga idon gwaggon Issouf bai tsaya wuri ɗaya ba. Ƙarfe aka wanke da ruwan zinariya aka kawo wa ƴar mutane, ga shi ko shekara biyu bai yi ba ya tona kansa.

Daga cikin ɗaki Yaya ta ce, "Inna, don Allah ki rage murya, Ramata tana ji."

"Ta ji mana. Ai a gabanta aka buɗe akwatin."

Na ce ta ba ni in gani. Na murza shi da ɗan yatsa, farin bai fita ba, ƙara bazuwa ma ya yi, da wani santsi kamar an shafa masa mai. Na san wannan farin. Na je gindin katanga inda Inna ke zubar da sharar ɗaki, na tsuguna na baza ta da tsinke. Ga su nan cikin ƙasa, ƴan ƙwallaye masu ƙyalli, wasu kamar ƙwayar gero, wasu ba su kai ba. In ka taɓa ɗaya sai ta gudu ta haɗe da ƴar'uwarta.

Zaiba ce. A daji merkir muke ce mata. Da ita ake kama zinariya daga niƙaƙƙen dutse: ta haɗiye ta su zama farin curi, sai a ɗora a cokali a ƙona, zaibar ta tashi, zinariyar ta rage. Tashinta ba ya da hayaƙi, ba ya da wari. A rumfar da na yi aiki akwai wani Habibu, shi ke ƙona wa kowa. Lokacin da na je, yana zuba shayi daga sama cikin ƙaramin kofi ko ɗigo ba ya faɗuwa ƙasa. Lokacin da na baro, sai an riƙe masa kofin a baki, haƙoransa suna girgiɗi, in ka yi masa magana ya zage ka ko ya fashe da kuka babu dalili. Shi kuma a fili yake ƙonawa, iska na kaɗawa. Na waiga na dubi ɗakin Yaya. Ƙyaure a ja, labule a sake, taga a toshe, garwashin da na tada da hannuna yana ci ƙarƙashin gado.

Na wanke hannu da sabulu na dawo wurin Inna. Na ce mata ɗan kunnen zinariya ce ta gaske, shi ya sa ma ya yi fari, kuma akwai zaiba a zube cikin ɗakin, daga buhunan amana ta fito. Rabin farko na maganar bai yi mata daɗi ba, rabi na biyu kuma bai dame ta ba. Ta ce ta san zaiba tun ban zo duniya ba, masu magani har a laya suke sa ta. Ƙwallayen ma ta gan su tun kwanaki, ta share su. Na ce sharar ce ke farfasa ta ta ƙara bazuwa, zafin kasko kuma yana tashin ta su shaƙa, Yaya da jaririyar da ita Innar da ke kwana tare da su. Na ce a fito da su yau, a kai su ɗakina na zaure.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ɗakin naka da iska ke shiga ta fita kamar tasha? Mai jego ɗanya shar zan kai can cikin wannan sanyi? In sanyi ya shige ta ta kumbura, kai za a zaga ko ni?"

Na ce to a cire kaskon, a buɗe taga.

"Jego nawa ka yi, Tasi'u? Ba cinta muka yi ba, ba shanta muka yi ba. Je ka kawo mini kanwa, ta kunun yayarka ta ƙare."

Maimakon wurin mai kanwa, shago na nufa. Na tarar da Baba yana ciniki da wasu Zamfarawa, na jira har suka ɗauki kayansu suka tafi. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kullum yake yi ba. Ya ce mai nauyi cikin buhunan na Ilyasu ne, wani mutumin Madarounfa, kuma da ya kawo shi cewa ya yi tufafi ne da kayan aiki. Na ce ai kayan aikin ke nan. Ya ciro salula ya kira lambar Ilyasu, ba ta shiga ba. Ramin da suke aiki babu rezon waya sai mutum ya hau tudu.

Na ce a buɗe buhun mu gani. Ya ce ba a buɗe amana a bayan mai ita. Na ce to a fito da shi waje a kwashe rairayin. Ya ce in aka fito da buhun mutum tsakar gida yana yoyo, aka tona ɗaki, kafin magariba duk Dagmanet sun ji kayan amana sun lalace a gidan Malam Inoussa, kafin ta kai tasha an ce zinariya ce ta zube muka tona muka kwashe. Kuma in abin da na faɗa gaskiya ne, abin da ya zube ɗin dukiyar Ilyasu ce, ba a taɓa ta sai da saninsa. A bari a same shi, kwana ɗaya ko biyu.

"Baba, jaririyar fa a ciki take kwana."

"Uwarku a ɗakin nan ta yi jegonku duka." Ya mayar da salular aljihu, ya dube ni. "Motar Chaibou yaushe za ta tashi?"

Na ce ban sani ba.

"Ka tabbata ba ita ce ke sa ka ganin aibin ɗakin ba?"

Na fita daga shagon. Na biya na sayi kanwa na koma gida.

Kwana ɗaya ko biyun suka wuce, wasu suka bi bayansu. Duk yamma in Baba ya dawo in tare shi a zaure, ya ce babu rezo. Abin da ya fi ci mini rai, ni ke tada garwashin. Na gwada kawo rabin kasko, Inna ta kalla ta tambaye ni ko gawayi ya ƙare a Agadez ne, ta je ta ƙaro da kanta. Na zagaya ta baya na zaro tsumman taga da sanda, ta mayar da shi ta ƙara da kwali. Na yi tunanin zuwa likita, wato asibiti, in kawo majo, babban ma'aikacin wurin, ya gani da idonsa, sai na tuna in maganar zaiba ta kai kunnen hukuma, shagon Baba za a fara zuwa. Na kira Issouf, na same shi a Aderbissinat, kamiyo ya lalace suna jiran a kawo musu ƙarfe daga Zinder. Ya tsorata, na ji a muryarsa. Amma ya ce ta yaya zai kira surukarsa ya gaya mata inda za ta kwantar da ƴarta, shi da ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ya ce in lallaɓa ta. Na ce masa da tana lallaɓuwa da ban kira shi ba.

Wata rana da azahar Inna ta leƙa gidan Ramata aron turmi. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin, labule tsakanina da Yaya. Zafin ciki yana fitowa ta ƙasan labulen yana dukan ƙafata, ga ƙamshin turaren wuta da na yaji.

"Likitan daji," in ji ta, "yau ba a zo duba mu ba?"

Na ce ta yi dariya in ta ga dama. Ta kuwa yi, dariyar ta koma tari. Na tambaye ta yaya bakinta. Ta ce kwana biyun nan ji take kamar ta tsotsi tsohon kwabo, ko kunun kanwa ba ya kashe ɗanɗanon, dasashinta kuma yana ciwo in ta tauna nama. Inna ta ce yaji ne ya yi yawa. Hafiza ma, jaririyar, tana wani ɗan tari, kuma ba ta kama nono kamar da, ta tsotsa kaɗan ta saki ta yi ta kuka.

"Ki tashi ki fito, Yaya. Daga nan zuwa zaure ai ba tafiya ba ce."

"In fito in ce wa Inna me? Matar da ke ƙona hannunta a ruwan zafi safe da yamma saboda ni. In na kumbura a ɗakinka, har ta mutu ana nuna ta a unguwa."

"In kuma Hafiza ce wani abu ya samu?"

Na ji gadon ya yi ƙara, na ji tana jijjiga yarinyar. Can ta ce, a hankali, ita ba ta san wanne za ta ji tsoro ba, sanyin da kowa ya sani ko abin da ni kaɗai nake gani. Ta ce da a ce ɗakin ne ya ƙi zaunuwa, da ta fita ba gardama, amma ita ba za ta ƙi ɗakin a kan idon Inna ba. Sai ga Inna ta shigo da turmi, ta ce in tashi daga bakin ƙofa, ina tare wa mutane hanya.

A ranar ne Chaibou ya zo ya kira ni waje. Mota ta gama lodi, gobe bayan asuba za ta tashi. Ya ce in Baba bai yarda ba in fito kawai, kowa haka ya yi, in ka dawo da abu a aljihu ba mai tuna yadda ka tafi. Na ce masa zan zo. Da gaske kuma na faɗa. Na shiga ɗaki na cusa riguna da rawani da bargo a jaka, na tura ta bayan katifa.

Da la'asar na kai musu ruwa bayan ɗaki kamar kullum. Ramata ta zo ta karɓi Hafiza, ta zauna da ita a gefen da rana ke bugawa, an naɗe ta da zane a kan zane. Na ji an fara fyaɗa ganye, Yaya tana ƴar ƙara, Inna tana ce mata ta daure. Na tsaya tsakar gida da bidon a hannu. In na tafi gobe, ɗan wani maƙwabci za a sa ya riƙa tada garwashin, iyakar abin da zai canza ke nan. Wankan yana ɗaukar lokaci, kuma ba a barinsa a tsakiya. Ɗakin kuwa ga shi a buɗe, babu kowa ciki.

Na sa leda a kowane hannu na ɗaure, na sa wasu a ƙafa bisa takalmi, na shiga. Kaskon na fara fitarwa. Na fizge tsumma da kwalin taga, na cire labule, na tura ƙyauren har jikin bango. Na fito da katifa da kayan jaririya na jibge su a rana, na dawo na ja gadon ƙarfen, yana ta kuka a bakin ƙofa har ya fita.

"Tasi'u, haukan daji ne ya motsa?" in ji Ramata. Ta ɗaga murya ta kira Inna. "Baturiya, ɗanki yana kwashe miki ɗaki."

Daga bayan ɗaki Inna ta kira sunana, ta sake kira, ta ce in ta fito zan gane kurena. Amma ba ta fito ba. Fyaɗar ganyen ce kawai ta ƙara sauri.

Buhun Ilyasu yana can lungu, gindinsa ya nutse cikin rairayi. Ban ja shi ba, na shimfiɗa leda na mirgina shi a kai. An ɗinke bakinsa da zaren buhu, ɗinki mai kyau, irin na mutumin da ya yarda da inda ya bar kayansa. Tun ina ƙarami nake ganin buhuna irin wannan suna shigowa gidanmu suna fita yadda suka shigo, ko zama a kansu ba a bari mu yi. Na ɗauko wuƙa, na daɗe riƙe da ita. Sannan na yanke.

Riguna ne a sama, sai tsohon bargo, sai guduma. Ƙarƙashin gudumar ga kwalbar roba ta lemo an naɗe ta da wando, ta tsage a gefe, mai yiwuwa ranar da aka tura buhun da ƙafa. Saura kamar rabi a ciki, ƴar kwalba amma nauyinta kamar dutse. Na ɗauko wani ƙaramin bidon na zuba masa ruwa, na tsiyaye sauran a ciki a hankali na murɗe murfin. Sannan na ɗaga tabarma. Rairayin da ke ƙasa yana ƙyalli tun daga lungu har baƙin zoben da gindin kasko ya bari. Na sa gefen kwali na riƙa jan ƙwallayen wuri ɗaya, suna taruwa suna haɗewa, har suka zama ɗan tafki kamar faɗin tafin hannu. Da na ƙara tonawa, akwai wasu a ƙasa.

Ina nan tsugune suka fito. Yaya a naɗe da zane da bargo, tururi yana tashi daga kanta, Inna riƙe da ita. Suka tarar da gado tsakar gida, katifa jingine da katanga, ɗaki a wangale.

"Mayar da gadon," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba.

Na ce ta leƙo ta gani tukuna, amma kada ta tako. Ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙo. Hasken taga ya faɗo daidai kan tafkin. Ta dube shi, ta dubi zoben kaskon, ta dubi wurin da take shimfiɗa tabarmarta. Ta ce ita ƴan ƙwallaye ta gani, ba ta san haka take ba. Sannan ta sake cewa in mayar da gadon ko ta wancan gefen ne, amma wannan karon ba ni take kallo ba.

Yaya ta fara rawar ɗari, haƙoranta suna haɗuwa.

"Inna, sanyi yana shiga ta. Ki kai ni ko ina ne."

Mai jegon da ta fito daga ruwan zafi ba a barinta tsaye a iska, wannan Inna ta fi kowa sani. Ta waiga hagu da dama, babu wani ɗaki mai shimfiɗa sai nawa. Ta ja Yaya da sauri zuwa zaure, tana ba da umarni ta ko'ina: Ramata ta kawo yarinyar, ta koma ta kwaso barguna daga gidanta, a rataya tabarma a ramukan ƙofa, a kawo wuta. Na ce ba da wannan kaskon ba, a ari na Ramata, kuma a bar ƙofar da ɗan buɗi. Ba ta ce to ba, ba ta kuma hana ba. Ta jawo katifata don ta gyara, jakata ta faɗo. Ta dubi jakar, ta ture ta gefe da ƙafa. Da ta zo wucewa ta gabana da bargo a hannu, ta ce, "Ubanka kai za ka tare shi. Ni ina wanka aka yi."

Baba ya shigo gab da magariba. Ya wuce gadon, ya wuce katifar, ya tsaya a kan buhun. Ya daɗe yana kallon yankakken zaren. Ya ɗaga ƙaramin bidon ɗin ya ji nauyinsa, ya leƙa ɗakin, ya tambayi inda aka sa mai jego. Ya je bakin ƙofar zaure ya gaishe ta, ya tambayi yarinyar, na ji Hafiza ta yi tarin nan nata yana tsaye. Ya dawo.

"Wa ya yanke?"

"Ni ne, Baba."

"Na ce maka a jira."

"Ka ce."

Ya zauna a bakin gadon. Ya ce Ilyasu bai gaya masa gaskiya duka ba, wannan tsakaninsa da Ilyasu ne, kuma zai faɗa masa ido da ido. Amma wuƙar daga gidansa ta fito. Ba zai tsaya gaban mutum ya ce ɗana ya yanke maka buhu ya shige daji ba, don ranar da ya faɗi haka a tasha, ko takalmi ba mai sake bar masa.

"Kai ka buɗe, kai za ka tsaya ka gaya masa da bakinka. Ka nuna masa abin da ya rage da abin da ƙasa ta sha. Maganar arba'in ta wuce. Sai ranar da Ilyasu ya dawo."

Na tambaye shi yaushe Ilyasu kan dawo. Ya ce waccan shigar ya haura shekara, wannan kuma Allah ne masani. Aka kira salla, ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari tun da asuba na aika wa Chaibou ya ba wani wurina. Inna da kanta ta lulluɓe Yaya da Hafiza har ido kawai ake gani, muka tare adaidaita zuwa likita. Majo ya duba bakin Yaya, ya saurari ƙirjin yarinyar, ya duba Innar ma tana ƙi. Ya ce ba su da abin auna zaiba a jini a nan, fitowar da aka yi da su ita ce babban magani. A riƙa dawo da su yana dubawa, kada kowa ya kwana a ɗakin, kada a sa tsintsiya, kada kuma a ƙona tabarmi da tufafin da ta taɓa. Ya tambayi inda ta fito, Inna ta ce kayan wani baƙo ne, ta gyara lulluɓi.

Rairayin ni na kwashe shi da felu, daga bango zuwa bango, har na kai ƙasa mai tauri na ƙara kankarewa. Na zuba a tsofaffin tano na rufe bakinsu da leda na ɗaure, tare da tabarmi da tsintsiyar Inna da kaskon. Suna can bayan gida, nesa da awaki da randunan ruwa. Na tambaya a wurare, ba wanda ya iya gaya mini inda ake kai irin wannan, Baba kuma ya ce ko an sani ba za su motsa ba sai mai su ya gani. Ɗakin yana nan a buɗe dare da rana, ba kowa ciki.

Yaya ba ta kumbura ba. Ta ce ɗanɗanon bakin nan yana raguwa, tana iya tauna nama ta gefe ɗaya. Hafiza tana kama nono, tarin bai tafi duka ba amma ya yi sauƙi, majo ya ce a ci gaba da kawo ta. Inna ta mallake ɗakina, ta toshe duk ramukan da na saba leƙen titi ta cikinsu, ni kuma ina shimfiɗa a rumfar girki kusa da murhu.

In na gama ruwan safe nakan tafi tasha in tsaya inda motocin daji ke sauke mutane. Duk wadda ta iso, in jira su sauko su kakkaɓe jiki, in tambaya ko akwai wanda ya san Ilyasu na Madarounfa. Wani ya ce ya gan shi ya koma Djado. Wani ya ce ya ji ya tsallaka Aljeriya. Direban da ya iso jiya ya ce Ilyasu biyu ya sani ƴan Madarounfa, dogo da gajere, ya tambaye ni wanne nake nema. Ban taɓa ganin mutumin ba, sai na ce ya jira ni, na tsallaka shago in tambayi Baba.